Shan Ruwa a Gaban Suruki

Shekara uku ina auren 'yarsa ta fari, ban taɓa ganin surukina yana tauna ko goro ba. Shi ma bai taɓa ganin na kai wani abu baki ba. Haka muka taso muka tarar a Bauchi, kuma ba wanda ya ɗauki abin da mamaki. Gidansa yana Ƙofar Ran, ni kuwa ina dukanci a rumfar mahaifina a Ƙofar Dumi, kuma na san duk lungun da zan faɗa idan na hango farin rawaninsa daga nesa. In ban sami lungu ba, sai in tuɓe takalmi in durƙusa, kai a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. Ranar Juma'a idan na je gaisuwa, akan kawo mini abinci a zauren waje, shi yana can ciki, katanga biyu a tsakaninmu. Maɗinkin riguna ne, mai karatu daidai gwargwado, Bafulatani ta wajen uwa, shi ya sa kunyarsa ta fi ta sauran mutane. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata, sai ya ce mutumin Ƙofar Dumi.

'Yan shekaru kafin a sami mulkin kai ya ce zai tafi Makka, kuma da ƙafa. A lokacin akwai manyan motoci masu zuwa har Sudan, an ma fara jin labarin masu tashi a jirgin sama daga Kano. 'Yan'uwansa suka yi ta ba shi baki. Ya ce musu mahaifinsa da ƙafa ya tafi, bai dawo ba, kuma ba wanda ya san inda aka binne shi. Yana so ya taka ƙasar da ya taka, ya yi masa addu'a a kowane zango, ko Allah zai sa wata ta faɗa kusa da kabarin. Daga nan suka ƙyale shi. Sai dai ya haura sittin, kuma ba shi da ɗa namiji da ya isa irin wannan tafiya.

Matata ce ta roƙe ni in raka shi. Tana sheƙe gero a tsakar gida ta yi maganar, ba ta dube ni ba. Ta ce ta san halin mahaifinta, ko ƙaya ce ta shige masa ƙafa zai iya yini a kanta bai faɗa wa kowa ba.

"Malam, ba zai ce maka yana jin yunwa ba, ba zai ce yana jin ƙishirwa ba," in ji ta. "Kai ne za ka lura. Ka dawo mini da shi."

Na ce to. Sai daga baya na san nauyin wannan to ɗin.

Ni na ɗinka mana salka biyu, ta fatar bunsuru, na jeme su da bagaruwa, na shafe bakin ɗinkin da man shanu. Ina cikin aikin maƙwabcin rumfarmu ya leƙo. Basayi ne, Kirista, daga wajen Bogoro, tsohon soja da ya je yaƙi har ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ya dawo yana gyaran keke, kuma ba ya wuce ni bai tsokane ni ba. Da ya ji da wanda zan yi tafiyar, ya yi dariya har ya zauna a kan kujerata. Ya ce mutum biyu da ba sa iya haɗa ido za su ƙetare duniya tare, shi dai yana so a ba shi labari. Sannan ya gyara zama ya gaya mini abin da ya sani. Ya ce a soja ba a jira mutum ya ce yana jin ƙishirwa, saja ne ke tsayawa a kan kowa sai ya ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce in na ga mutum yana tafiya a rana gumi ya daina fito masa, to ba sauƙi ya samu ba, mutuwa ce ta matso. Da zai fita ya juyo ya tambaye ni ko zan iya yi wa surukina saja. Na ce ya tafi ya ji da tayoyinsa.

Mun bar Bauchi bayan an gama girbi, cikin ayarin mutum goma sha wani abu. Ta Darazo muka bi, muka yi Potiskum, muka yi Yarwa. Wannan sashen tafiyar bai ba ni wahala ba ta fuskar surukina, don ayari ma gari ne ƙarami. Dattawa suna gaba, mu matasa muna baya da kaya. In aka sauka, su yi da'irarsu a gindin wata itaciya, mu yi tamu a gindin wata. Wani tsoho mai sayar da kanwa ne yake cin abinci da shi, ni kuma in tambayi tsohon a ɓoye ko ya ci, ko ya sha. Kullum amsar ita ce ya ci. Na ɗauka na iya aikin da aka ba ni.

Abin da ya ɓata lissafin lokaci shi ne zama. Matafiyin ƙafa ba ya wuce babban gari sai ya tsaya ya nemi guzuri da sana'arsa. Mun yi wata biyu a Yarwa, shi yana ɗinki, ni ina gyaran takalma. Muka sake yin kusan haka a Fot Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, inda na fara tsintar Larabcin kasuwa da ɗan Faransanci. A can ayarin ya watse. Wasu suka hau mota, wasu suka ce sai bayan damina, tsoho mai kanwa ya sami ɗan'uwansa ya zauna. Surukina ya ce shi ba zai jira ba. Muka bi wasu fatake har bayan garin Ati, a nan su ma suka karkata arewa da raƙumansu. Suka kwatanta mana rijiyoyin da ke gaba, suka ce hanya ba ta ɓata, mu bi sawun shanu. Muka rage mu biyu, ga bazara ta kankama.

Na ga zafi iri-iri tun daga wancan lokaci. Na Kumasi da na Jidda jiƙa mutum suke yi, ka yini kamar ka sa rigar da ba ta bushe ba. Na Bauchi yana da sauƙin hali: duwatsu su ɗauki rana su riƙe ta har yamma, amma akwai tsamiya, akwai zaure, akwai randa a bayan ƙofa. Na ƙasar Wadai, inda muka shiga a lokacin, ba ya jiƙa kowa. Gumi na fitowa yake bushewa, sai dai ka ga farin gishiri a wuyan riga. Ƙasa shimfiɗe take har inda ido ya gaji, ba tudu, ba kwari, sai tumfafiya da ba ta wuce gwiwa ba da aduwa ɗaya ɗaya, inuwarta kamar rariya. Ƙarangiya kuma ta cika ƙafar wando. Abin da ban lura da shi ba a kwanakin farko shi ne, a duk faɗin wannan ƙasa babu abin da mutum zai ɓuya a bayansa.

Muna tashi da asuba mu yi tafiya har rana ta take, mu fake, mu sake tashi bayan la'asar. Yana gaba, ina bayansa da taku kamar talatin, yadda ladabi ya ce. Salkarsa tana rataye a kafaɗarsa, tawa a tawa. Idan maƙogwarona ya bushe sai in kwance bakin tawa a hankali in kurɓa, tunda ba ya waiwayowa. Na sha haka sau da yawa a yini, raina a kwance. Da rana kuma in kafa masa mayafi a kan reshen aduwa, in ajiye masa gumba da dabino, in koma can gefe in zauna a ƙarƙashin nawa mayafin. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, shi yaushe yake sha. Ni ina bayansa, ba ya ganina. Shi yana gabana, idona yana kan bayansa tun fitowar rana har faɗuwarta. Girmamawar da nake yi masa ita ce ta ɗaure masa bakin salka.

A wata rijiya, kwana huɗu da rabuwarmu da fatake, na gane. Wata Balarabiya mai shayar da shanu, dattijuwa, ta karɓi salkunanmu za ta cika mana. Tawa ta sha guga biyu. Tasa kuwa ko rabin guga ba ta ɗauka ba ta tumbatsa. Matar ta ɗaga ta ta jijjiga, ta dubi surukina can nesa yana shirin yin salla, ta tambaye ni ko azumi tsohon yake yi a wannan rana. Na ce a'a. Da guntun Larabcina na yi ta kame-kame har na iya ce mata uban matata ne, kuma a wurinmu ba ya sha ina gani. Ta yi dariya, ta kira wata 'yar'uwarta ta faɗa mata, suka yi tare. Sai kuma ta daina. Ta ce su ma suna da kunyar surukai, amma ba sa fita da ita daji. Ta ce ta sha ganin mutanenmu, Takari kamar yadda suke kiranmu, ana binne su a bakin hanyar nan da ruwa rataye a jikinsu, ba ta taɓa sanin dalili ba sai yau.

Ni ne na ɗinka salkar nan. Na san ƙarar cikakkiya, na san ta wadda aka sha. Kwana huɗu tana gabana tana ƙuts-ƙuts irin na cikakkiya, ban ji ba. Ashe ɗan abin da yake kurɓa kafin gari ya waye da bayan magariba, lokacin da ba ma ganin juna sosai, shi ke nan ruwansa.

Da ni mai hankali ne, da a bakin rijiyar nan na yi magana. Amma ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, in ce masa na lura ba ya shan ruwa, wato ina sa ido a kan bakinsa ke nan. Sai na shiga dabaru. Washegari na ƙara sauri na wuce shi, da nufin in ba shi baya. Ya tsaya cak. Ya ce, ba da ni yake ba, da iska yake, wataƙila an gaji da bin tsoho. Na koma bayansa. Na gwada yin jinkiri har ya zama ɗan ɗigo a gabana, sai ya zauna ya jira ni, yana tsammanin ciwo ne ya kama ni. Da rana na lulluɓe fuska na yi kamar barci ya ɗauke ni, har da minshari, kunnena yana jiran ƙarar kwance igiya. Ban ji komai ba. Ya san minsharin ƙarya, yana da 'ya'ya.

A rana ta uku bayan rijiyar, hantsi bai gama ɗagawa ba na ga tafiyarsa ta sauya. Yana jan ƙafar hagu, yana kauce wa sawun shanu yana dawowa. Sandarsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba. Na ɗauka na bi shi da ita, kuma a karon farko na matsa kusa har ina jin numfashinsa. Bayan rigarsa a bushe yake ƙayau. Wuyansa ba ɗigon gumi. Yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, wanda ban taɓa jin ya yi ba, kuma daga ɗan abin da nake ji na gane mahaifiyarsa yake kira ta buɗe masa ƙofa. Maganar mai gyaran keke ta dawo mini.

Na riƙe hannunsa. Wannan ma ban taɓa yi ba. Na ja shi zuwa wata aduwa, na zaunar da shi ya jingina, na kafa mayafi, na jiƙa jelar rawaninsa na ɗora masa a wuya da goshi. Bayan ɗan lokaci idonsa ya dawo, ya gane ni. Yana gane ni ya kawar da kai, ya janye ƙafafunsa, ya gyara zama. Na miƙa masa salka. Ya ce a ajiye, za a sha. Na san wannan za a sha ɗin, sai magariba ke nan, kuma na san ba zai kai magariba ba.

Na yi tunanin in tashi in tafi nesa. Amma in na tafi, ba ni da tabbacin hannunsa zai iya kwance igiyar, kuma ba zan san ko ya sha ba. Na yi tunanin in danne shi in ɗura masa, irin na saja. Wannan zai raya shi, amma ba zai ƙara iya zama kusa da ni ba har abada, ga sauran tafiyar wata da watanni. Abin da ya zo mini daga ƙarshe shi ne, kunyar nan ta mutum biyu ce, kuma in dole sai wani ya fara zubar da tasa, ƙaramin ne ya kamata.

Na zagayo na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Na kwance bakin salkata, na ɗaga, na sha yana kallo. Ban kurɓa a hankali ba. Na sha irin shan ɗan dako, maƙogwaro yana ƙara, ruwa yana bin gemuna. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, ko da aka tuɓe mu a gaban likita a bakin teku daga baya. Na sauke, na goge baki.

"Baba, ka gani, na yi rashin kunya," na ce. "In mun koma ka faɗa wa duk wanda ka ga dama. Amma 'yarka ta ce in dawo mata da kai, kuma ban san abin da zan ce mata ba in na koma ni kaɗai da salka biyu."

Ya daɗe yana duban ƙasa tsakanin gwiwoyinmu. Sannan ya miƙo hannu, ba ga tasa ba, ga tawa da ke buɗe. Na tallafa masa gindinta. Ya ja jelar rawani ya rufe gefen fuskarsa, kamar yadda na ga Buzaye suna yi daga baya a Agadas, ya sha. Na ce a hankali, Baba, kaɗan-kaɗan. Ya bi abin da na ce. Muka yi ta haka, kurɓa da hutu, har inuwar aduwa ta juya gabas. Can na ga ɗan danshi ya fito masa a goshi.

Maganar farko da ya yi mini kai tsaye a duniya ita ce: "Ruwan nan warin bagaruwa yake. Wa ya koya maka jima?"

Na ce mahaifina. Ya ce to a gaya masa ya sake koya mini.

Ba mu tashi ba a ranar. Da la'asar na dama gumba a ƙwarya ɗaya, don na ga wauta ce in ɓata ruwa wajen wanke biyu, muka sha yana miƙo mini ina miƙa masa. Daga nan har Abashe, har muka shiga Sudan, kafaɗa da kafaɗa muka yi tafiya. Ashe mai hira ne. Ya ba ni labarin Bauchi ta lokacin ƙuruciyarsa, sa'ad da ake rufe ƙofofin ganuwa, ya koya mini Fulatancin da nake ji har yau. A kowane zango yakan tsaya ya yi wa mahaifinsa addu'a, ni kuma in ce amin. Sau ɗaya, bayan ya shafa, ya ce yana tunanin ko wane ne ya bi bayan mahaifin nasa a wannan hanya.

A Sudan na ga mutane suna zama su goma a kan faranti ɗaya, uba da ɗa da suruki da baƙon da ya zo wucewa, kuma in ka ƙi sa hannu ka yi laifi. Da farko na ɗauka su ne suka fi mu gaskiya. Yanzu da na tsufa, na ga ƙasashe, ban cika saurin yanke wannan hukunci ba. Kunyarmu tana da aikinta. Ta hana suruki raina mijin 'yarsa, ta hana yaro sakin baki a gidan da ya ɗauko mata. Amma an yi ta ne don gari mai katanga da zaure da lungu, inda kowa ke da wurin da zai juya ya sha ruwansa. Mu ne muka ɗauke ta muka kai ta inda babu ko ɗaya.

Mun hau jirgin ƙasa a Ubayyid, mun ƙetare teku, mun sauke farali. Dawowa ta ɗauke mu lokaci, don sai da muka zauna muka yi sana'a a Sudan, kuma yawancin hanyar a mota muka yi ta. Ko da muka iso Bauchi an riga an sami mulkin kai, wata tuta ce daban a gaban ofisoshi, mutane suna ta ba mu labarin bikin da ba mu gani ba. Motar ta sauke mu a tasha, muka taka zuwa Ƙofar Ran. Muna hango ƙofar ya rage sauri. Ya ce, a hankali, abin da aka yi a hanya na hanya ne. Na gane. Na ja da baya taku talatin, na bi shi a haka har ƙofar gidansa. A ranar an kawo mini abinci a zauren waje.

Matata tana gidan tana jira. Da aka natsa ta leƙo zauren, ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, ta ce ta gan shi, ya rame amma shi ne. Ta tambaye ni ko ya ba ni wahala wajen ci da sha. Na ce ya ci, ya sha. Ta ce a gabana? Na ce ta kawo mini ruwan wanke hannu. Mai gyaran keke ma ya yi ta bina wata guda yana neman labarin da ya ce a ba shi, bai samu ba.

Surukina ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma ba mu ƙara haɗa ƙwarya ba. Na ci gaba da faɗawa lungu in na hango rawaninsa. Abu ɗaya ne kawai ya sauya. Idan na je gaisuwar Juma'a a bazara, sai ya sa a shigo da ni zauren ciki, a ajiye mini moɗa cike da ruwan randa a gefena, a ajiye masa tasa. Bayan mun gaisa sai ya juya ya fuskanci bango, ni ma in juya in fuskanci ƙofa. Ba ya fara sha sai ya ji na fara. Ni kuma ba na tashi sai na ji ya ajiye tasa, na kuma gane daga ƙararta cewa babu komai a ciki.